Injin Wanki Don Shalele

3 ga Maris

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da aiki, da kunnen nan naka da aka ce ƙarar injuna ta gama da shi. Mu ma nan da sauƙi, sai godiya.

Na san za ka juya ambulan ka duba ko kuskuren adireshi aka yi. Ni ce dai, jikar ƙanwar kakarka, mai ɗinkin nan da ka gyara wa keke shekara tara da suka wuce, lokacin da ka kwana biyu a gidanmu kana jiran motar wurin aiki. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa ƙafata ta daɗe a ɗaure, ka yi haƙuri. A wajen matarka na sami adireshin. Ita ce ta ce kada in wahalar da kaina da waya, can wurin haƙar ma'adinan da kuke babu sabis sai an hau tudu, kuma ko an same ka sai an yi ta ihu. Ni ma takardar ta fi mini. Ɗaki biyu gare mu, bangon kamar kwali, Shalele kuwa ba ta magana amma babu abin da ba ta ji.

Ka tuna Shalele? Da ka gan ta shekararta goma sha ɗaya, ana saɓa ta a kafaɗa. Yanzu ashirin. Har gobe ba ta zama da kanta, ba ta riƙe cokali, ba ta riƙe fitsari balle bayan gida. Amma ta yi jiki, ta fi ni nauyi. Dariyarta tana nan yadda ka san ta.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wanki ya ci ƙarfina. A rana nakan cire zanin gado uku, wani lokaci huɗu, ban da tawul, da rigunanta, da ƙyallayen da nake sa mata, da bargo idan abin ya zarce. Tun rasuwar ubanta na sayi injin wanki irin na gida har sau biyu. Na farko ya yi wata goma sha huɗu, ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tsaya. Na biyu mai allo ne, da 'yan fitilu, har kiɗa yake yi idan ya gama. Shi ko shekara bai rufa ba. Mai gyaran layinmu ya buɗe bayansa, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, otal gare ki?" Na ce a'a, 'ya ɗaya gare ni. Ya ce to wannan na masu wanki sau biyu a mako ne, in nemi irin na asibiti.

Wata biyar ke nan da hannu nake yi. Yatsuna sun tsattsage, idan na kama yadin mutane mai santsi sai ya maƙale a fatar.

Kai kaɗai ne a danginmu ka san cikin waɗannan injuna. Ina so ka zaɓa mini na ƙwarai, irin na masu sana'a, amma wanda zai zauna a gida. Ba mai kyan gani nake nema ba. Mai ƙarko nake so, wanda ba sai an lallashe shi ba, wanda kowa zai iya kunnawa ko ba na kusa. Kada tsada ta hana ka faɗin gaskiya. Kekuna uku gare ni, biyu za su iya tafiya.

Ƙanwarka,
Maman Shalele

*

19 ga Maris

Ƙanwata,

Na amsa sallamarki. Takardarki ta zo da motar kayan abinci, ita ce ke kawo mana wasiƙu sau biyu a wata idan hanya ta yarda. Ina lafiya, kunnen hagu ne dai ya yi ritaya ya bar ni ina aiki. Yaya za a yi in manta ku? Na tuna Shalele ta ƙyalƙyale da dariya lokacin da sukuddireba ta faɗo mini a ƙafa. Ki shafa mini kanta.

Mai gyaranku bai yi ƙarya ba. Mu nan injuna shida gare mu, muna wanke kayan mutum ɗari huɗu, kuma shekara goma sha bakwai ina kwance a ƙarƙashinsu. Ga abin da na sani.

Kada ki kalli fenti. Ki sa hannu cikin gangar da ake zuba kaya, ki ɗaga ta sama. Idan ta yi motsi kamar haƙorin tsoho, ki wuce. Ganga ta zama ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma bahon da take juyawa a ciki shi ma ƙarfe, ba roba ba. Na gida da roba ake yi, a liƙe shi gaba ɗaya, ranar da boris, ƙarfen da ganga take juyawa a kansa, ya mutu sai a zubar da injin. Abin da ya kashe naki na farko ke nan, wannan ƙarar tsakuwar kukan boris ne. Na masu sana'a kuwa da noti ake ɗaure shi, a kwance, a sa sabon boris, ya ci gaba.

Ki guji mai allo. Danshi da wasan wuta suna ƙona shi, kuma ba a gyara shi sai dai a canja. Ki nemi mai abin murɗawa. Dole ya zama yana dafa ruwansa da kansa, don irin wankinki ruwan sanyi ba ya fitar da wari.

Sauran sai na ji daga gare ki. Ki auna mini faɗin ƙofar da zai shiga. A ƙasa zai zauna ko a bene? Akwai irin da ake kafe su da ƙusoshi cikin siminti, su ne suka fi ƙarko, amma a bene za su tsaga daɓe. Wutarku layi ɗaya ce ko uku? Ruwan famfo yana da ƙarfi?

Sai dai kafin ki sayar da abin da kike ci da shi, ki zauna ki gaya mini tsakani da Allah: shekara nawa kike ganin za a yi ana wannan wankin? Injin da kike magana yakan yi shekara ashirin. Ba a sayen babbar mota don buhu ɗaya.

Yayanki,
Injiniya

*

2 ga Afrilu

Yaya Injiniya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Shalele ta yi mura kwana huɗu, ta warke.

Na gode da bayanin ganga da boris, na kwafe shi a littafin awo. Amma layinka na ƙarshe sau uku na karanta shi, ina cewa ko idona ne.

Shekara nawa ya rage wa 'yata, abin da kake tambaya ke nan? Da ka fito fili ka faɗa, ai ba kai ne na farko ba. Likitan da ya fara duba ta ya ce ba za ta kai shekara biyar ba. Da ta kai, wani ya ce goma. Ƙanen ubanta da na nemi a sayi gado mai ƙarfe a gefe, cewa ya yi, "A yi ta zuba ruwa a kwando?" A gabanta ya faɗa. Wuni guda ta ƙi kallon kowa. Waɗancan na saba da su. Kai ne ban zata ba, kai da ka zauna a ƙasa kana yi mata wasa da fitilar aljihu.

Buhu ɗaya, in ji ka. Ni na ɗauki buhun nan shekara ashirin, ban taɓa cewa wani ya taya ni ba. Shawara kawai na nema.

Duk da haka ga abin da ka tambaya, don ba ni da wani da zan je wurinsa. Faɗin ƙofa santimita saba'in da shida. A bene ne, hawa na biyu, matakala goma sha bakwai da kwana ɗaya mai ƙunci. Wuta layi ɗaya. Ruwa yana zuwa da safe zuwa azahar, ba shi da ƙarfi sosai, amma akwai tanki a sama. Akwai mutane a ƙasa, ba sa son hayaniya.

Idan za ka taimaka, to. Idan kuma ka ga asara ce, ka faɗa sau ɗaya in san inda na dosa.

Maman Shalele

*

16 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi wa Shalele sannu da jiki.

Wallahi ba abin da nake nufi ba ke nan. Mu a wurin aiki haka muke tambaya: wanki nawa a rana, shekara nawa, sai mu san girman injin. Na yi tunanin ko akwai wani magani ko aiki da likitoci suka ce za a yi mata ta fara riƙewa. Bakin makaniki ne, da ƙarfe ya saba magana. Na ɗauki laifin, ki yafe mini.

Tunda bene ne, mai kafewa a siminti ya fita. Sai mai zama kan sifirin, wanda ke shanye girgizarsa da kansa. Mai cin kilo goma zai wuce ƙofar idan an cire murfin sama. Nauyinsa ya kai na mutum biyu, sai an sami ƙarti huɗu a kwanar matakalar nan.

Yanzu ni ma ina da tawa tambayar, kuma tunda kin ce a fito fili, zan fito. Gidanki da na kwana a ciki a ƙasa yake. Ko dakali babu a ƙofar, don a ji daɗin tura Shalele a kekenta. Benen wa kika auna mini? Matata ta rubuto cewa ta ji kin sayar da kabad da kujeru, kin kuma gaya wa mai gidan haya za ki tashi. Na koma takardarki ta farko, na ga inda kika ce kowa ya iya kunnawa ko ba kya kusa. Ina za ki?

Idan aure ne, Allah ya sa alheri. Kin sha wuya, babu mai ganin laifinki. Amma idan mutumin ya ce ke kaɗai yake so, aka shirya a ajiye yarinyar nan a benen wasu tare da inji, to kada a sa hannuna a ciki. Yarinyar da ba ta tafiya, a hau da ita matakala goma sha bakwai, yaushe za ta sake ganin titi? Inji yana wanke zani, amma inji ba uwa ba ne.

Idan na yi kuskure ki gyara mini.

Yayanki,
Injiniya

*

28 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mota ta zo sau uku babu takardarki. Duk zuwa sai na sa direba ya sake zazzage jakar.

Na hau tudu ranar hutu na buga lambar da kika rubuta a bayan ambulan, a kashe. Na sa matata ta aika a duba gidan, aka ce ƙofa a kulle, maƙwabciya ta ce an fita da ku a mota tun makonni.

Na sake karanta abin da na rubuto miki a raina, na ga na yi wa mutum shari'a ban ji ta bakinsa ba. Shekara tara ban tako gidanki ba, ban taɓa wanke miki ko ƙyalle ɗaya ba, sai ga ni da wa'azi. Ko zagi ne ki rubuto, in dai san kuna raye.

Injiniya

*

9 ga Yuni

Yaya Injiniya,

Sallama. Takardunka biyu suna hannuna. Ka ga rubutun ya karkace, a kwance nake yi. Shalele lafiyarta ƙalau. Ni ce babu.

Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, ko da yake na yi fushin. Kwana ashirin da uku na yi a asibiti. Ciwon daji ne. A mahaifa ya fara, ya kai hanta. Tun watan Janairu na sani, kafin in rubuto maka ta farko. Wannan karon sun buɗe ni, suka duba, suka mayar suka ɗinke. Ɗinkin ma bai yi kyau ba, da ni ce da na warware na sake.

Aure! Har na yi dariya sai da wurin ya yi zafi. Wa zai auri mace mai warin sabulu da fitsari, Yaya?

Benen na Auta ne, ƙanwata, wadda take koyarwa a firamare. Kana iya tuna ta, ita ce ta ƙona maka riga da dutsen guga. Yanzu 'ya'yanta uku, mijinta direban motar haya ne. A can muke ni da Shalele tun da aka sallame ni.

Da likita ya gaya mini, ban yi kuka a kaina ba. Lissafin wanda zai karɓe ta na shiga yi. Dangin ubanta ka riga ka ji nasu. Sai na je na duba wani gida da ake ajiye irinsu, a bayan gari. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, mata uku ne a kan mutum arba'in. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Katifu duk an tuɓe su, leda ce tsirara, don babu mai wanke zani. Na ga wata kamar sa'ar Shalele kwance a kan ledar, jiƙe, bayanta duk gyambo. Ta bi ni da ido har na fita. A bakin titi na zauna na yi amai.

Daga nan gidan Auta na wuce. Na gaya mata komai a kicin, a tsaye. Ta yi kuka ta gaji, sannan ta ce, "Yaya, zan faɗa miki gaskiya don kada in yi alkawarin da zan karya. Zan iya ba ta abinci. Zan iya juya ta, ni da babbar 'yata. Na sami wata dattijuwa a ƙasa da za ta zauna da ita har in taso daga makaranta. Amma wankin nan ba zan iya ba. Na ga hannunki. Idan na ce zan yi, wata uku zan yi in fara jin haushinta, kuma ba na so in ji haushinta."

Na ce, "In na kawo abin da zai yi wankin fa?"

Ta ce, "Irin waɗanda suka mutu miki?"

Na ce, "Wanda ba ya mutuwa."

Mijinta yana jinmu daga falo. Ya leƙo ya ce shi bai hana ba, amma da sharaɗi biyu: kada gida ya yi wari har 'ya'yansa su ji kunyar kawo abokai, kuma kada na ƙasa su kai ƙara wurin mai gida. Ranar da ɗaya ya faru, sai a nemi wani wuri. Ban ga laifinsa ba. Ɗaki uku ne, mutum biyar, ga ta shida.

Ka ga dalilin da ya sa ba na son mai kyan gani. Ranar da injin nan ya tsaya, ba mai gyara za a kira ba, motar gidan nan na bayan gari za a kira.

Da ina asibiti Auta ta gwada da hannu. Ba ta ce mini komai ba, amma na dawo na tarar an sayi turaren fesawa har gwangwani uku, mijin kuma ya koma cin abinci a tasha.

Ban gaya maka tun farko ba don na gaji da ganin fuskar mutane idan sun ji. Na so a sami mutum ɗaya da zai yi mini maganar ƙarfe kawai. Tambayar da ka yi mini a watan Maris, ga amsarta yanzu. Ni watanni ne, likita ya ƙi faɗin nawa. Ita kuwa zuciyarta da huhunta lafiya lau, shekara ashirin ɗin da ka ce ma ina jin tsoron kada su yi kaɗan.

Kekuna ukun duk sun tafi, kuɗin suna wajen Auta. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Ka zaɓa kawai, kada ka sake tambayata komai. Ka yi sauri.

Ƙanwarka

*

24 ga Yuni

Ƙanwata,

Na karanta. Ban san abin da ake rubutawa a nan ba. Allah ya sassauta miki, ya ba ki ladan abin da kika ɗauka. Na zauna a bayan inji na huɗu inda babu mai ganina har aka tashi aiki.

Kin ce maganar ƙarfe, to ga ta.

Na hau tudu na kira kamfanin da ke kawo mana injuna. Na zaɓi mai kilo goma, mai sifirin, wuta layi ɗaya, mai abin murɗawa guda ɗaya da maɓalli guda ɗaya. Ƙanen irin waɗanda nake gyarawa ne, duk wani noti da ke jikinsa na san shi. Babu shi a ajiye, sai an ɗauko daga babban sito, sun ce mako uku. Na yi musu ihu, ko da yake ni ba na jin ihun nawa. Za su kai har gida, su hau da shi, su haɗa. Auta ta biya su bayan ta ga ya juya, ba kafin ba.

A cikin kwalin da ke tare da takardar nan akwai boris biyu, bel biyu, robar ƙofa, da famfon fitar da ruwa. Su ne abubuwan da ke mutuwa. Daga gare ni ne. A ajiye su inda babu danshi. Na kuma sa tabarmar roba mai kauri, a shimfiɗa a ƙarƙashinsa, na ƙasa ba za su ji komai ba.

Ki sa Auta ta kwafe waɗannan ta manna a bango. A ɗauraye ƙazanta a bokiti kafin a zuba. Zanin gado da ƙyallaye a murɗa zuwa ruwa mai zafi. Sabulu kaɗan, kumfa mai yawa yana cin boris. Ledar shimfiɗa kada a taɓa sa ta a ciki, tana riƙe ruwa, idan ya ɗauki gudun matsewa sai ta jefa gangar gefe. Kada a kunna shi da kaya biyu uku, irinsu sun fi son ciki a cike, in ba haka ba sai ya yi ta dukan kansa. A bar ƙofarsa a buɗe bayan an gama.

Na nemi hutu, manaja ya ce sai Agusta, don abokin aikina ya ajiye aiki, ni kaɗai ne a kan injuna shida. Na ce masa ranar ɗaya ga Agusta ko ya sa hannu ko bai sa ba zan hau mota. Ki gaya wa Auta da mijinta, muddin ina numfashi, duk shekara zan zo in kwance injin nan in duba cikinsa. Wannan kam zan iya.

Ki jira ni.

Yayanki

*

21 ga Yuli

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Auta ce. Ina fata kana lafiya. Mu nan sai haƙuri.

Yaya ta rasu ranar Laraba, goma ga wata, da hantsi, a asibiti. Na buga wayarka ban samu ba, na gaya wa matarka, ban sani ba ko saƙon ya iso.

Takardarka ta same ta da rai. Idonta ya daina ganin rubutu, ni na karanta mata. Da na zo wurin dokokin sai ta ce in maimaita, ta sa na kwafe a gabanta, ta karɓa ta riƙe takardar kamar tana dubawa. Da na karanta "ki jira ni" ta ce, "Ka ji shi, sai ka ce direban bas." Ba ta ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan. Kullum dai in na shigo sai ta tambaya, "Ya zo?" In ce yana hanya.

Ranar Lahadi ya zo, kwana huɗu bayanta. Mutum huɗu suka hau da shi kamar yadda ka ce, suka kankare fentin kwanar matakala, maigidana ya yi ta faɗa, daga baya kuma shi ya kama musu. Yana aiki. Na ƙasa sun ce ba sa jin komai. Gidan babu wari. Kwalinka yana saman kabad.

Shalele ce matsalar. Ban gaya mata ba, ban san yadda ake gaya mata ba, amma ranar da muka dawo gida ba tare da Yaya ba ta kalle ni, ta kalli ƙofa, ta juya fuska bango. Tun ranar ba ta yi dariya ba. Abinci in na kai cokali sai ta datse haƙora. Na gwada madara, na gwada ayaba da aka dama, na gwada duk abin da na ga Yaya tana ba ta. Ruwa ma sai na ɗiga mata da sirinji ta gefen baki, rabi ya zube. Likita ya zo ya duba, ya ce babu ciwon da ya gani, idan ta kai Juma'a a haka za su sa mata robar hanci.

Wankin da muka ji tsoro babu shi, Yaya Injiniya. Wanda ba ya ci ba ya sha, me zai ɓata? Zani ɗaya nake cirewa a rana, wani lokaci a bushe. Sai na haɗa da kayan makarantar yara kafin injin ya cika.

Na ɗauka na san komai. Na koyi juya ta, na koyi yi mata wanka, na koyi yanke mata farce ba ta firgita ba. Da Yaya tana asibiti Shalele takan karɓi abinci a hannuna, amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda ake sa ta ci idan ta ƙi ba, don kullum Yaya takan tura ƙofa ta ce idan ana kallo ba ta ci. Ina jin akwai abin da take ce mata, ko wani wuri da take taɓawa. Na so in tambaya a asibiti, sai na ga kamar in na tambaya na sallame ta ke nan. Na ce gobe.

Na bincike littafin awonta kaf. Awon mutane ne, sai bayanin ganga da boris. Kai ne wanda ta fi rubuta wa a watannin nan. Don Allah ka duba takardunta da ke wurinka. Idan akwai inda ta faɗi yadda take sa yarinyar nan ta buɗe baki, ko layi ɗaya ne, kada ka jira motar wasiƙu, ka hau tudu ka kira ni.

Ƙanwarka,
Auta